Difuloyid da hafuloyid: yadda zaka daina ruɗewa da 2n da n kafin Tahsili

Ƙannena 'yan sanawiyya ɓangaren kimiyya, na Makka da Jidda da Madina, wannan jagorar taku ce musamman masu shirin Tahsili, wato jarabawar neman shiga jami'a ta cibiyar Ƙiyas a Saudiyya, amma ko uwa ce ko uba da yaro ya kawo miki littafin ahya', wato bayoloji, yace ki taimaka masa zaki iya bi. Abin da na lura yaranmu da yawa sun haddace cewa 46 difuloyid ne 23 hafuloyid ne, shikenan, ana canza musu dabba ko a tambaye su a wani mataki na rabuwar sel sai kaga an fara zaɓen amsa da canka-canka. Matsalar ba ƙwaƙwalwa bace, ba'a nuna musu me ake ƙirgawa bane. Toh mu bi a hankali, ka nemo takarda da biro biyu, ja da shuɗi, zamu buƙace su a tsakiya.

Mataki na farko: san abin da kake ƙirgawa

Jikinka sel-sel ne ƙanana da ido baya gani, a cikin kusan kowanne akwai cibiya wadda littafinku na larabci yake kira nawa, a cikinta ne DNA yake, wato saƙon gado da ka karɓo daga iyayenka. DNA ɗin sel guda ɗaya da za'a warware shi a miƙe zai kai wajen mita 2, saboda haka ba zube yake ba, a naɗe yake ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi shine kuromosom. Mutum yana da 46 a sel ɗin jikinsa. Wannan adadin ma ba tun da can aka sani ba, tun 1923 da Theophilus Painter yace 48 ne littattafai suka yi ta maimaita 48 ɗin sama da shekara 30, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga da kyau a Lund ta ƙasar Suwidin suka samu 46. Ya'ani har masana ƙirgan ya ruɗa su, kai ma kar ka ji kunya.

Mataki na biyu: ƙirga saiti, ba yawa ba

Nan ne gaba ɗaya maganar take, in ka gane nan sauran cikon bayani ne. Waɗannan 46 ɗin ba guda 46 daban-daban bane, iri 23 ne, kowane iri guda biyu, ɗaya daga mahaifinka ɗaya daga mahaifiyarka. Kuromosom mai lamba 1 na baba da mai lamba 1 na mama tsawonsu ɗaya, ƙwayoyin gadon da ke kansu a jere ɗaya suke, sai dai abin da aka rubuta a ciki zai iya ɗan bambanta. Saiti ɗaya cikakke, wato guda ɗaya daga kowane iri, shi ake cewa n. Sel mai saiti ɗaya hafuloyid ne, n. Sel mai saiti biyu difuloyid ne, 2n. A littafin manhajar nan zaka gansu a matsayin uhadi da sunna'i al-majmu'a al-kuromosomiyya, abu ɗaya ne.

Ka ɗauka takalma ne a ƙofar masallaci na mutum 23, kowa da ƙafa biyu, jimla 46, wannan shine difuloyid. In aka ce ka haɗa hafuloyid ba wai ka kwashi ko wanne 23 ka zuba a leda bane, a'a ƙafa ɗaya zaka ɗauka daga takalmin kowane mutum, babu wanda zaka ɗauke masa biyu babu wanda zaka tsallake. Wanda ya kwashi 23 barkatai adadi ya samu amma bai samu saiti ba, kuma a jikin ɗan adam wannan kuskuren shi ke kawo matsaloli da zamu gani a ƙasa.

A cikin iri 23 ɗin nan, 22 na jiki ne kawai, na 23 shine na jinsi, mace XX namiji XY. A namiji wannan biyun basu yi kama sosai ba, Y ɗin ƙarami ne sosai kusa da X, amma duk da haka tare suke tafiya a matsayin abokan juna.

Mataki na uku: ware sel ɗin gida biyu

Sel ɗin fata, na hanji, na ƙashi, na ƙwaƙwalwa, farin jini, duk difuloyid ne. Hafuloyid a jikin mutum biyu ne kacal, ƙwayar maniyyi ta namiji da ƙwan mace, kowanne 23. In suka haɗu 23 da 23 sai a samu sel na farko na jariri mai 46, shi kuma ya koma difuloyid, daga shi duk jikin zai ginu. Da ace ƙwan da maniyyin 46-46 suke ɗauke dashi da ɗa zai zo da 92, jika 184, kaga abin bazai yiwu ba, dole a raba biyu kafin a haɗa.

Tarkuna biyu a nan dan Allah ka riƙe su. Na farko, sel ɗin da suke cikin marainan namiji da gidan ƙwan mace waɗanda daga su ake ƙera maniyyi da ƙwai, su kansu difuloyid ne, abin da suka haifar ne hafuloyid. Yara da yawa suna ganin an ambaci gaɓar haihuwa sai su ruga su zaɓi n. Na biyu, sel ɗin jan jini na mutum, idan shi sel ɗin ya gama girma, bashi da cibiya kwata-kwata, babu kuromosom ko ɗaya a ciki, don haka ba n bane ba 2n bane, shi yasa in asibiti zasu duba kuromosom ɗin mutum daga jini farin jinin suke amfani dashi.

Mataki na huɗu: zana rabuwar da hannunka

Rabuwar sel iri biyu ce. Maitosis, wanda littafinku ke cewa inƙisam mutasawi, shine na girma da warkewar ciwo, sel ɗaya mai 46 ya kwafi kansa ya zama biyu kowanne 46, iri ɗaya sak, wannan baya buƙatar dogon surutu. Mayosis, inƙisam munassif, shine mai rage adadi, kuma shi nake so ka zana, don karanta shi kawai baya zama a kai.

Kar ka zana 46 zaka gaji, ka ƙirƙiri sel mai 2n = 4. Zana da'ira, a ciki ka ja dogon layi ja da gajeren layi ja, waɗannan na uba ne, sai dogo shuɗi da gajere shuɗi na uwa. Guda huɗu, iri biyu, n = 2.

Kafin a fara rabuwa sel yana kwafar DNA ɗinsa, saboda haka ka mayar da kowane layi ya zama kamar harafin X, wato layi biyu a manne a tsakiya. Kowane ɓari sunansa kuromatid, wurin mannewar kuma sentiromiya. Yanzu tambaya, kuromosom nawa ne a da'irar? Har yanzu huɗu ne, ba takwas ba. Kuromatid ne takwas. Ƙa'idar ita ce ka ƙirga wurin mannewa, muddin ɓari biyun suna manne kuromosom ɗaya ne. A mutum wannan matakin 46 kuromosom ne, 92 kuromatid, kuma sel ɗin yana nan difuloyid ɗinsa, kwafi bai ƙara masa saiti ba. Wallahi wannan wurin shi yafi cin yara.

Sai zagaye na farko. Dogon X ja ya matso kusa da dogon X shuɗi, gajere da gajere, su rungumi juna har su yi musayar guntaye, ka shafa ɗan ja a ƙafar shuɗin ka shafa ɗan shuɗi a ƙafar jan. Daga nan su jeru a tsakiyar sel bibbiyu, sai a ja su gefe biyu, dogo ɗaya ya tafi dama ɗaya hagu, gajeru ma haka. Raba da'irar biyu. Duba kowacce, dogo ɗaya gajere ɗaya, guda biyu, saiti ɗaya. Halas, an riga an zama hafuloyid tun a nan, tun zagaye na farko, duk da kowane kuromosom ɗin yana nan a siffar X. A mutum 23 kuromosom, 46 kuromatid. In tambaya tace a wane mataki adadi ke raguwa zuwa rabi, amsa zagaye na farko ne ba na biyu ba.

Zagaye na biyu babu sabon kwafi, kowane X kawai ake tsagawa daga wurin mannewa ɓari ya tafi nan ɓari ya tafi can. Ka ƙare da da'ira huɗu, kowacce da layi biyu, dogo da gajere. A namiji huɗun nan duk suna zama maniyyi, a mace kuwa ɗaya ne ke kwashe kusan duk kayan sel ɗin ya zama ƙwai, sauran ƙanana ne suna lalacewa.

Yanzu sake zanen amma a wurin jeruwa ka juya gajerun, ja ya tsaya ɓangaren da shuɗi yake ɗazu. Zakaga sakamakon ya canza, dogon uba ya tafi tare da gajeren uwa. Kowane iri yana juyawa ne ba ruwansa da ɗan uwansa, da iri biyu haɗi huɗu zaka iya samu, da iri 23 kuwa sai ka jera 2 guda 23 ka ninka su da juna, ya bada 8,388,608, kuma wannan ba'a ma saka musayar guntayen nan ba. Shi yasa zaka shiga gida ɗaya a unguwar Misfala ko Sharai'i a Makka, uwa ɗaya uba ɗaya yara tara, kowa da fuskarsa, wannan ya biyo kaka wancan ya biyo kawu.

Mataki na biyar: gwada da wasu halittu

Tunda ba mutum kaɗai ake tambaya ba, ka saba da raba biyu da ninka biyu. Raƙumi 2n ɗinsa 74, maniyyinsa 37. Akuya da saniya 60, ƙwansu 30. Tunkiya 54. Kaza 78, albasa 16, dawa 20, gero 14, riɗi 26. Kar ka ɗauka yawan kuromosom shine daraja ko wayo, kaza ta fi ka da 32 kuma kaza ce dai. Abin da za'a kula shine wane sel aka ambata, in aka ce sel ɗin fatar raƙumi 74, nawa ne a ƙwan taguwa, raba. In aka ce maniyyin bunsuru 30, nawa ne a sel ɗin fatarsa, ninka. In aka baka na fata aka tambayi na hanji, kar ka taɓa komai, adadin ɗaya ne.

Dabino yafi kowa daɗin misali tunda muna ƙasarsa. 2n ɗinsa 36. Bishiyar namiji daban ta mace daban, shi yasa a gonakin Madina da Ƙasim da Ahsa zakaga manoma suna hawa suna saka furen namiji a cikin na mace da hannu lokacin talƙihi. Garin furen namijin nan hafuloyid ne, 18, ƙwan da ke cikin furen mace ma 18, ɗan tsiron da ke ɓoye cikin ƙwallon dabino 36. Naman dabinon da kake ci kuwa jikin uwar ne, difuloyid, 36 irin nata. Sannan akwai na uku, mafi yawan taurin ƙwallon nan abincin ɗan tsiron ne wanda ake kira endosifam, shi saiti uku ne, biyu daga uwa ɗaya daga uba, 54. Ɗan dabino ɗaya a hannunka amma ga 2n ga 3n.

Kuma daga nan zaka gane dalilin da manomi baya shuka ƙwallon dabinon Ajwa yana jiran Ajwa. Ƙwallo ya bi ta mayosis da haɗuwa, an cakuɗa gado, abin da zai fito sabon iri ne ba uwar ba, kuma kusan rabi ma maza zasu fito da basa 'ya'ya. Shi yasa ake cire fasila, ɗan da ke tsirowa a gindin uwar, a dasa, shi ta maitosis ya samu, kwafin uwar ne sak.

Akwai waɗanda suke karya tsarin, kuma masu tambaya suna son su. Doki 64, jaki 62, doki ya bada 32 jaki ya bada 31, alfadari ya fito da 63, in yazo yin mayosis kuromosom ɗin basa samun abokan da suka dace su jeru bibbiyu, shi yasa alfadari kusan baya haihuwa. Ayabar da muke saya saiti uku ce, 33, kankana marar ƙwallaye ma 33, uku baya rabuwa biyu daidai saboda haka babu iri mai kyau a ciki. Alkamar da ake burodi da tamis saiti shida ce, bakwai-bakwai sau shida 42, garin furenta 21. Kudan zuma kuwa abin mamaki, sarauniya da ma'aikata mata difuloyid ne 32, namijin daga ƙwan da ba'a barbara ba yake fitowa, duk jikinsa hafuloyid ne 16, bashi da uba amma yana da kaka namiji ta wajen uwa. Saboda haka in ka haddace cewa hafuloyid sai maniyyi da ƙwai, a mutum ne da dabbobi irinsa, ba doka bace ga dukkan halitta.

Mataki na shida: kai shi gida

Wannan ba na jarabawa bane kawai. Tun 2004 Saudiyya ta wajabta gwajin kafin aure saboda cututtukan jini na gado, sikila da talasimiya, mu kuma da asalinmu Najeriya ko Nijar mun san sikila sosai, a nan ma yankin Ahsa da Ƙaɗif da Jazan ta yi yawa. Me yasa takardar gwaji take zuwa da harafi biyu, AA ko AS ko SS? Saboda kai difuloyid ne. Ƙwayar gadon da ke da alhakin wannan tana kan kuromosom mai lamba 11, kana da lamba 11 guda biyu, na baba da na mama, kowanne da harafinsa. Maniyyi ko ƙwai kuwa hafuloyid ne, lamba 11 ɗaya zai ɗauka, harafi ɗaya. Mai AS rabin maniyyinsa A rabi S, mace mai AS ma haka ƙwanta. Ka zana akwati mai gida huɗu, A da S a sama, A da S a gefe, ka cike, zaka samu AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Ɗaya cikin huɗu kenan, amma a kowane ciki ne sabon lissafi, ba wai in an haifi mai sikila ɗaya ukun da zasu biyo sun tsira ba, za'a iya jera biyu ko uku, za'a iya kuma haihuwa biyar ba ko ɗaya. Masu cewa ai yayata AS ce mijinta AS kuma yaransu lafiya lau, wannan ba hujja bace, ku dai kuyi gwajin tun kafin magana tayi nisa an kai kuɗi an sa rana.

Sai maganar namiji da mace. Uwa XX ce, duk ƙwan da zata fitar X ne a ciki, bata da wani abin da zata bayar. Uba XY ne, rabin maniyyinsa X rabi Y, wanda ya shiga ƙwan shi ke nan, X ya bada mace Y ya bada namiji. Allah ne ke bayarwa ga wanda Ya so, wannan ba gardama, amma ta fuskar sababi ɓangaren miji abin yake fitowa, saboda haka dangin miji da ke tsangwamar mace wai 'ya'ya mata kawai take haifa har ana zuga shi ya ƙara aure don neman namiji, gaskiya zalunci ne kawai, a daina.

Wani lokacin kuma rabuwar bata tafiya daidai, abokai biyu maimakon su rabu sai su tafi gefe ɗaya, a samu ƙwai mai 24 da wani mai 22. In mai 24 ɗin lamba 21 ce ta zo masa biyu, ya haɗu da maniyyi mai 23, jaririn zai zama 47 da lamba 21 guda uku, wannan shine larurar Down, a 1959 aka gano haka a Faransa. Yiwuwar tana ƙaruwa da shekarun uwa, kuma yana da alaƙa da cewa ƙwan mace tun tana cikin mahaifiyarta suka fara mayosis suka tsaya a zagaye na farko suna jira shekara da shekaru, amma yarinya 'yar ashirin ma tana iya haifa, ba laifin kowa bane ba kuma abin da uwar ta ci ko ta taka bane. A jarabawa ka kula, 47 ɗin nan ba saiti uku bane, 2n + 1 ake rubutawa, guda ɗaya ne ya ƙaru. Saiti uku a mutum 69 ne. Haka mace mai X ɗaya kacal, larurar Turner, 45 ce, 2n - 1, namiji mai XXY, larurar Klinefelter, 47.

Kafin ka rufe littafin gwada wannan ba tare da ka kalli sama ba. Sel ɗin tunkiya mai 54 ya shiga mayosis. Bayan ya kwafi DNA, kuromosom nawa kuromatid nawa? Bayan zagaye na farko fa? Bayan na biyu fa? Amsar farko 54 da 108, ta biyu 27 da 54, ta uku 27 da 27. In ka faɗi a ta biyun koma kan zanen ja da shuɗin, wannan karon ka yi shi da 2n = 6, ka ƙara matsakaicin layi ɗaya ja ɗaya shuɗi, ka ƙirga wurin mannewa a kowace da'ira kafin ka wuce ta gaba.